Hutun Bakin Teku Mai Araha na Biya Ɗaya: Ya Cancanci Kuɗinsa ga Mutumin Damagaram?

Tambaya: Wani malamin makarantar sakandare daga unguwar Birni a Damagaram ya rubuto yana cewa: "Na ga tallar wani otel a garin Sali da ke gaɓar tekun Senegal. An ce Yuro 420 ne kowane mutum na kwana bakwai, kuma kuɗin ya haɗa ɗaki da abinci sau uku a rana da abin sha ba iyaka. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu, mai shekara 13 da mai shekara 7, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu, kuma shekara uku ke nan ina tara kuɗin wannan tafiya. Muna son zuwa a babban hutun makaranta, cikin watan Agusta. Wannan araha ce ta gaske, ko kuwa tarko ne?"

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a cikin abin da ka tara. Na daɗe ina aikin sayar da tikitin jirgi da shirya wa mutane tafiya, tsakanin Yamai da nan Damagaram, kuma ko da yake yawancin masu zuwa wurinmu Umra ko fatauci ke kai su waje, a ƴan shekarun nan masu irin tambayarka sun ƙaru. Abin da zan fara gaya maka shi ne, mai yiwuwa ne farashin da ka gani gaskiya ne, ba yaudara ba, amma ba da kai aka yi lissafinsa ba. An auna shi ne da Bature mai tasowa daga Faris ko Burusel, mai neman rana, mai shan giya, wanda jirgi ɗaya zai ɗauko shi daga ƙofar gidansa ya sauke shi kusa da otel. Kai kuwa kana zaune a garin da ke da nisan kusan kilomita 890 daga filin jirgin Yamai, ba ka shan giya, rana kuma ba abin da za ka biya kuɗi ka je nema ba ne. Saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne mu cire abin da ke cikin kuɗin wanda ba za ka mora ba, mu ƙara abin da ba ya ciki wanda dole ka biya, sannan mu ga abin da ya rage.

Wannan tsari da masu Faransanci ke kira "tu kompri", mu kuma a wurin aiki muke ce masa biya ɗaya, ya samo asali ne a 1950, lokacin da wani ɗan Beljiyam mai suna Gérard Blitz ya kafa Club Med, ya buɗe sansaninsa na farko a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen. Manufar tun farko ita ce ma'aikacin Turai ya biya kuɗi sau ɗaya kafin ya bar gida, ya huta da zaro walat har ya dawo. Kamfanin ya iso Senegal a 1973 da sansaninsa na Kap Sikirin a yankin Kazamans, shi kuwa Sali da kake magana a kai, gwamnatin Senegal ce ta keɓe shi ta gina shi musamman domin baƙi masu yawon shaƙatawa a shekarun 1980, a nisan kusan kilomita 80 kudu da Dakar. Na kawo wannan tarihi ne domin ka gane cewa kayan da ake yi maka talla an ɗinka su ne a jikin wani, kuma duk wanda ya sayi rigar da aka auna da wani, sai ya duba inda ta yi masa yawa da inda ta matse shi.

Babban wurin da take matsewa shi ne hanya. Manyan kamfanonin shirya tafiya na Turai suna sayen ɗakunan otel da yawa a lokaci guda, watanni kafin baƙi su zo, suna kuma cika jirage na haya da fasinjojinsu, shi ya sa suke iya sayar da jirgi da otel a haɗe da farashin da ke ba mu mamaki. Babu irin wannan jirgin haya mai tashi daga Yamai zuwa bakin teku. Kai tikitin jirgin fasinja na yau da kullum za ka saya, kuma a abin da na saba gani a teburina, tikitin zuwa da dawowa tsakanin Yamai da Dakar na mutum ɗaya sau da yawa ya fi kuɗin otel ɗinsa na mako guda. Dalilan sanannu ne ga duk wanda ke cikin sana'ar: kamfanonin da ke bin hanyoyin Afirka ta Yamma kaɗan ne tun bayan rushewar Air Afrique a 2002, harajin filayen jirage da kuɗaɗen da ake ɗora wa tikiti suna da nauyi, kuma galibi sai an yada zango, misali a Lome idan ASKY ka hau. Kafin wannan ma akwai motar Damagaram zuwa Yamai, wadda ke cinye yini guda cur a kan hanyar Maraɗi da Ƙonni da Dosso, sai kwana a Yamai domin ba mai hankalin da zai sauka daga kar da dare ya dogara da cewa zai kama jirgin asuba da yara biyu. Idan ka lissafa zuwa da dawowa, kwana bakwai na otel sun zama kwana goma sha ɗaya ko sha biyu a wajen gida, kuma kowane ɗaya daga cikin kwanakin hanya yana da nasa ci da sha da masauki, waɗanda babu su a cikin Yuro 420.

Yanzu mu koma kan farashin da kansa. Darajar Yuro ɗaya sefa 655,957 ce, wato sefa 656 in an cika, kuma ba ta motsi, saboda haka Yuro 420 ya kama jika 275 da rabi. Kalmar da ya kamata ka tsaya a kanta a cikin tallar ita ce "kowane mutum", domin a al'adar otel-otel wannan na nufin farashin babba ɗaya a ɗakin da manya biyu suka raba. Ɗanka mai shekara 13 babba ne a lissafin kamfanonin jirage, waɗanda ke tsayar da farashin yara a ƙasa da shekara 12, kuma yawancin otel-otel ma haka suke yi. Idan aka yi wa ƙaramin rabin kuɗi, za ka biya na mutum uku da rabi, wato Yuro 1470, kimanin jika 964, saura ƙiris miliyan ɗaya. Akwai kuma tambayar ko ɗaki ɗaya zai ɗauke ku huɗu, domin ɗakunan da ake yi wa talla da araha galibi na mutum biyu ne da ƙarin gado ɗaya, kuma ni ban ga dacewar saurayi mai shekara 13 ya kwana bakwai a ɗaki ɗaya da iyayensa ba. In ya zama sai ɗaki biyu ko ɗakin iyali mai ƙofa a tsakani, farashin ya tashi daga wanda ka gani. A kan wannan sai ka ɗora harajin baƙi da Senegal ke karɓa, jika ɗaya kowane mutum a kowane dare, wanda sau da yawa a teburin otel ake biyansa, ba a cikin talla ba.

Abin da ya fi muhimmanci ka fahimta shi ne yadda otel ke samun riba a wannan tsari, domin a nan ne amsar tambayarka take. Mai otel ba ya lissafin abin da kai kaɗai za ka ci. Yana lissafin matsakaicin abin da baƙi ɗari biyu ko uku za su ci su sha a rana, ya raba wa kowa daidai. Wanda ya zauna gefen wurin ninƙaya tun hantsi har tsakar dare yana shan giya ya ci fiye da abin da ya biya, wanda kuma ya sha ruwa da lemo biyu ya tashi ya biya fiye da abin da ya ci, kuma da kuɗin na biyun ake cike giɓin na farkon. Iyalin da ba sa shan giya, irin naka, su ne baƙin da mai otel ya fi samun riba a kansu. Wannan ba zato ba ne, kana iya auna shi da kanka kafin ka biya ko dala. Ka rubuta wa otel ɗin ka nemi farashi uku na ɗaki ɗaya a ranaku ɗaya: kwana da karin kumallo kawai, kwana da karin kumallo da abincin dare, sai kuma biya ɗaya. Bambancin da ke tsakanin na biyu da na uku shi ne ainihin kuɗin da ake sayar maka da abincin rana da abin sha. A ce, domin misali, na biyun Yuro 48 ne a dare, na ukun kuma 60 kamar yadda tallarka ta nuna. Bambancin Yuro 12 ne, kusan jika takwas ga kowane mutum a kowace rana, fiye da jika ashirin da bakwai ga iyalinka. Sai ka tambayi kanka ko abincin rana da lemon da za ku sha a wajen otel, a gidan abincin da ƴan gari ke ci, zai kai haka. A Sali da Mbur, garin da ke maƙwabtaka da shi, inda ake samun shinkafa da kifi irin ta Senegal, wadda suke kira cebu jen, a kowace unguwa, da wuya ya kai. A wani tsibirin da babu komai bayan katangar otel sai rairayi, kamar wasu sassan Bowa Bista na ƙasar Kap Ber, lissafin yana juyawa, domin can in ba ka ci a otel ba babu inda za ka ci.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan sana'a ana iya nuna daidai inda adon ke zubewa. Kuɗin ginin otel da albashin ma'aikata da wutar lantarki ba sa raguwa don an rage farashi, saboda haka idan mai otel ya sauko ƙasa sosai, wurare biyu yake yanka: kicin da gyara. Na taɓa kwana biyar a wani otel irin wannan a gaɓar Afirka ta Yamma, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin in gan shi da idona kafin in tura mutane. Ranar farko teburin ɗibi-da-kanka ya burge ni, tire sun fi ashirin. Zuwa rana ta uku na gane cewa kazar daren jiya ce ta dawo cikin miyar rana, kifin rana kuma ya koma cikin taliyar dare, abin da suke kira ruwan ƴaƴan itace kuwa gari ne aka dama da ruwa. Kilim ɗin ɗakina ya lalace a dare na biyu, aka yi ta ce mini mai gyara na nan tafe har na tattara kayana. Ban ce duk masu araha haka suke ba, amma ka sani cewa taurarin da ake liƙa wa otel kowace ƙasa da ma'auninta, kuma tauraro huɗu a takarda ba ya ba ka labarin ranar da aka canja katifa. Abin da ke ba ka labari shi ne ra'ayoyin baƙin da suka sauka a watanni ukun da suka wuce, musamman hotunan da suka ɗauka da wayoyinsu, ba na mai talla ba. Ka karanta na masu ƙorafi, ka duba ko abu ɗaya suke maimaitawa. Idan mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci ciwon ciki, magana ta ƙare, domin abincin da ke zaune awa uku a tire mai ɗumi-ɗumi a ƙasa mai zafi shi ne hanyar da gudawa ta fi bi ta kama yara.

Kalmar "komai" da ke cikin talla ma tana da iyaka. A yawancin otel-otel masu araha ba ta haɗa motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi, ko fita yawon ganin gari, ko wanki, ko akwatin ajiyar kuɗi na ɗaki, ko wasannin ruwa masu inji, wani lokaci har ruwan gora da intanet na cikin ɗaki sai an biya daban. Awarwaron roba da za a ɗaura muku a hannu, alamar cewa ku ƴan biya ɗaya ne, yana fara aiki ne daga lokacin karɓar ɗaki, wajen ƙarfe biyu ko uku na rana, ya daina aiki da tsakar ranar fita. Idan jirginku ya sauka da tsakar dare, kun biya abincin yini guda da ba ku ci ba, idan kuma na komawa sai dare zai tashi, abincin wannan yinin daga aljihunka zai fito. Sa'ar da ka yi ita ce filin jirgin Blaise Diagne da aka buɗe a watan Disamba na 2017 yana Jas ne, ya fi kusa da Sali a kan tsakiyar Dakar, saboda haka motar ba ta da nisa.

Sai batun watan Agusta, wanda ina jin shi ne sirrin farashin da ka gani. Lokacin cikar baƙi a gaɓar Senegal daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, sa'ad da Turai ke cikin sanyi, a Senegal kuma babu ruwan sama. Damina a yankin Sali tana kamawa daga Yuli zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba, kuma zafinta ba irin namu ba ne: namu busasshe ne, nasu mai gumi ne da ke manne wa mutum riga a jiki, ga sauro. Amma a nan ma kada ka ɗauki ma'aunin Bature. Shi idan hadari ya rufe rana kwana biyu, hutunsa ya lalace. Kai da ka sha zafin Afrilu da Mayu a Damagaram, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40 kuma ana bin layin ruwa a famfo, hadari a kan teku abin kallo ne a wurinka. Ruwan tekun ma a damina ya fi ɗumi, domin daga Janairu zuwa Afrilu yana da sanyin da yaranmu ba za su jure daɗewa a ciki ba. Ni dai da za ka iya matsar da tafiyar zuwa farkon Yuli, da zarar an rufe makarantu, da ya fi, domin ruwan sama bai kankama ba, tikitin jirgi kuma bai kai tsadar Agusta ba.

Tunda teku kuka tafi gani, ka tabbatar akwai shi a gaban otel ɗin. Gaɓar Sali ta yi fama da zaizayar ruwa shekaru da dama, har wasu otel-otel suka rasa rairayinsu, kafin a gina shingayen duwatsu a cikin ruwa a sake zuba yashi da tallafin Bankin Duniya, kuma ba kowane yanki ne ya farfaɗo daidai da wani ba. Wasu masu arahar kuma ba a bakin ruwa suke ba sam, sai an yi tafiyar minti goma ko an tsallaka titi. Akwai kuma maganar da nake gaya wa duk wanda ya fito daga ƙasarmu: wanda ya koyi iyo a tafkin damina ko a Gidimuni bai san teku ba. Teku yana da igiyar da ke jan mutum ciki ta ƙarƙashi, a wurin da ido ke ganin ruwa a kwance, kuma gaɓar Lome da Kotonu sun yi suna wajen cin mutane ta wannan hanya. Gaɓar Sali ta fi su kwanciya, wannan yana daga cikin dalilan da suka sa aka zaɓe ta, amma duk da haka ka tambaya ko otel ɗin yana da mai tsaron masu wanka, ka kiyaye jar tuta mai nuna haɗarin shiga ruwa, kada kuma ka bar mai shekara 7 shi kaɗai ko da a wurin ninƙaya na cikin otel ne.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa, mu kuma muke jin nauyin tambaya, wato ko maiɗakinka za ta saki jiki a wurin. Otel ɗin biya ɗaya mai araha wuri ne da ake shan giya a fili daga safe, baƙi suna yawo da kayan wanka, ana kiɗa da rawa har dare ya raba. Na ga iyalan da suka biya kuɗi mai yawa, uwargida ta ƙare hutun a cikin ɗaki domin ba ta iya zama a inda aka tanada don zama. Senegal ƙasar Musulmi ce, masallatai suna ko'ina, ma'aikatan otel da yawa masu salla ne, naman da ake saye a kasuwar gari kuma yankan Musulmi ne, amma otel ɗin da ke karɓar Turawa yana iya ajiye naman alade a teburi ɗaya da sauran abinci, wasu miyoyin kuma ana zuba musu giya wajen dahuwa. Ka tambaya a rubuce ko suna sa alama a kan abinci, ko mace za ta iya shiga ruwa da kayan wanka masu rufe jiki, da kuma ko suna da farashin biya ɗaya marar giya, domin wasu otel-otel suna da shi kuma ya fi sauƙi. Hukuncin biyan kuɗin da giya ke cikin abin da ya ƙunsa, ko da ba za ka sha ba, magana ce da ya dace ka kai wa malaminka kafin ka biya, ba bayan ka dawo ba.

Wata asarar da ba ta bayyana a lissafi ita ce yadda tsarin ke ɗaure mutum. Wanda ya riga ya biya abincin rana yana jin ciwon barinsa, sai ya ƙi fita, har mako ya ƙare bai san ƙasar da ya je ba. Alhali kusa da Sali akwai Mbur, inda da yamma ɗaruruwan kwale-kwalen masunta masu fenti ke dawowa a sauke kifi a kan rairayi, abin da yaron Damagaram ba zai manta ba har ya tsufa. Akwai Fajut kusa da Jowal, ƙauyen da ke kan tsibirin ɓawon kifin teku, akwai gandun dabbobi na Banja, akwai tsibirin Gore a gaban Dakar, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978. Idan kuma kuna daga cikin masu son ziyarar Madina Baye a Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, daga Mbur tafiyar kilomita ɗari da ƴan kai ce, kuma na san mutanenmu da yawa ba za su je Senegal su dawo ba tare da sun taka can ba. Kowace rana da kuka yi a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, abinci biyu kuka biya: wanda kuka bari a otel da wanda kuka ci a hanya. Mutanen gari ma sun san wannan ciwo ta ɗaya gefen, domin baƙon da ba ya fita ba ya sayen komai a wurin mai gidan abinci ko mai tasi ko mai sassaƙa. Har gwamnatin Gambiya ta taɓa hana tsarin biya ɗaya a 1999 saboda wannan dalili, amma ba a daɗe ba ta janye, domin kamfanonin Turai masu kawo baƙin sun fi ta ƙarfi a cinikin.

Duk da haka ba zan ce tsarin ba shi da amfani ba. Amfaninsa na gaske shi ne kwanciyar hankali: ka san abin da ka kashe tun kafin ka tashi, yara su sha lemo su ci abin da suke so ba tare da kana lissafi a zuci ba, uwargida kuma ta yi kwanaki ba ta hura wuta ba, ba ta tunanin cefane ba, wanda a gidaje da yawa shi ne hutun farko da ta taɓa samu tun aurenta. Wannan yana da daraja, kuma ban yarda da masu cewa almubazzaranci ne ba, muddin ba bashi aka ci ba, ba kuma kuɗin makaranta ko na hatsin shekara aka taɓa ba.

Game da sauran wuraren da ake talla, a taƙaice: Zanzibar tana da kyau kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne, amma tikitinta ta Adis Ababa ya fi tsada, mai fasfon Nijar sai ya nemi bizar Tanzaniya tun daga gida ya jira amsa, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar tsibirin ta dalar Amurka 44. Ruwan samanta mai yawa daga Maris ne zuwa Mayu, a gaɓar gabas kuma, wajen Paje da Jambiyani, ruwa yana janyewa nesa sosai na awoyi a kowace rana. Tallace-tallacen Punta Kana da Kankun na yankin Karibiyan kuwa ka wuce su kawai, domin jirgi da biza za su cinye arahar sau da yawa, ga lokacin guguwar teku daga Yuni zuwa Nuwamba. Senegal ta fi su dacewa da kai ta wani fanni da mutane ke mantawa: sefarmu ɗaya ce, babu canji, babu asarar canji, katin bankinka mai alamar GIM, ta bankunan ƙasashenmu masu sefa, kuma yana aiki a can.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, kuma ko da yake ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun tafiyar ƴan ƙasashen uku ba tare da biza ba har zuwa wani sabon umarni, ka sa wanda zai sayar maka da tikiti ya tabbatar maka da ƙa'idar da ke aiki a ranar. Ku huɗun kowa ya riƙe fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida, da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, ka kuma ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro na yara tunda damina ce.

Wajen biya ne aka fi cutar mutanenmu. Kada ka tura kuɗi zuwa lambar wayar wani mutum don ya nuna maka hotuna a Facebook ko WhatsApp. Ka nemo lambar otel ɗin da kanka daga shafinsa, ka kira, ka tambaya ko sun san mai tallar kuma ko farashin nasu ne. Ko manyan kamfanoni ma suna faɗuwa: Thomas Cook, wanda ya fi shekara 170 yana wannan sana'a, ya rushe a watan Satumba na 2019 ya bar dubban ɗaruruwan matafiya a ƙasashen waje, wasunsu otel-otel suna neman su sake biyan kuɗin da suka riga suka biya. Turawan suna da dokokin da suka dawo da su gida. Kai ba ka da wannan kariya, saboda haka ka ba da kafin alkalami kaɗan, ka zaɓi farashin da ake iya sokewa ko da ya ɗan fi tsada, sauran kuma ka biya a teburin otel bayan ka ga ɗakin.

Da ni ne a matsayinka, Malam, zan fara da farashin tikiti huɗu, domin shi ne zai nuna ko tafiyar za ta yiwu bana ko sai baɗi. In ta yiwu, ba zan sayi kwana bakwai a otel mafi araha ba. Zan ɗauki kwana huɗu na biya ɗaya a otel ɗin da ya ɗara shi daraja, mai rairayi a gabansa da mai tsaron masu wanka, mu zauna ba fita, yara su ƙoshi da ruwa, sannan sauran kwana ukun mu koma ƙaramin masauki mai karin kumallo a Mbur ko Dakar, daga nan mu je Gore da Kaulaha. Kafin ka ba da ko sisi, ka sa otel ɗin ya aiko maka a rubuce da jimlar kuɗin mutum huɗu tare da shekarun yaran, da irin ɗakin da yawan gadajensa, da ko haraji da motar filin jirgi suna ciki, da awar da awarwaron zai fara aiki da awar da zai daina.